Akwatin hazo mai aiki da lantarki: yana nuna baƙi daga sama, amma ba don zafinmu aka ƙera shi ba

Jama'a masu tambayata a kan akwatin hazon nan da muka sayo wa ɗakin gwajin makarantarmu, wanda 'yan fiziks ke ce wa kilawud chamba, ko ya cancanci kuɗinsa ko a'a, to amsata ita ce ya cancanta, amma fa da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ba ƙanana ba ne, don haka duk wanda zai tura kuɗinsa ya daure ya karanta har ƙarshe. Ni dai malamin fiziks ne a sakandare, babu wanda ya ba ni ko sisi don in yabi kayansa, shi ya sa ma ba zan kama sunan shagon ba, irinsa suna nan birjik a intanet kuma kusan duk ƙirarsu ɗaya ce.

Abin da ya zo a kwalin wani ɗan akwatin ƙarfe ne, a samansa akwai baƙin faranti da bai wuce santimita 10 a kowane gefe ba, sai murfin gilashi da ake kifawa a kai, a cikin murfin daga sama an manna soso mai kauri, a gefe kuma jerin ƙananan fitilu farare masu haskawa a kwance. Ƙarƙashin farantin akwai fale-falen sanyaya guda 2 an ɗora ɗaya kan ɗaya, irin waɗanda ake kira Peltier, in ka ba su wuta gefe ɗaya ya yi sanyi ƙalau ɗaya gefen ya ɗauki zafi, sai ɗan famfo da tiyo masu zagaya ruwa suna kwashe zafin. Sai adafta da 'yar takardar bayani, shi ke nan. Aikin hannu dai ba laifi, gilashin yana zama daram iska ba ta shiga, fitilun kuma an sa su daidai inda ya kamata.

Yadda yake aiki abu ne mai sauƙi. Ka jiƙa soson da sifirit, tururinsa ya riƙa saukowa a hankali, yana isa dab da farantin da ya yi sanyin digiri 26 ƙasa da sifili ko ma fiye, sai ya zama tururin ya fi ƙarfin abin da iska mai sanyi za ta iya riƙewa, yana so ya zama ɗigo amma bai samu abin da zai taru a kai ba. Da zarar wata ƙwaya mai caji ta ratsa wurin tana fizge ilektaron daga atam ɗin iskar da ke kan hanyarta, sai tururin ya taru a kan wannan sawun, ka ga farin layi ya bayyana ya ɗan tsaya daƙiƙa ɗaya ya watse. Dabarar tsohuwa ce, Charles Wilson ya haɗa na farko a Ingila a 1911 har ya ci kyautar Nobel a 1927, kuma da irinsa Carl Anderson ya gano fozitiron, wato kishiyar ilektaron mai akasin cajinsa, a 1932, sannan shi da Seth Neddermeyer suka gano muwon, wata ƙwaya mai kama da ilektaron amma ta fi shi nauyi, a 1936. Wato abin da ka ɗora a kan tebur jikan kayan da aka ci Nobel da su ne, wannan kaɗai ma abin faɗa wa yara ne.

Matsala ta farko sifirit. Ba ya zuwa a kwalin tunda abu ne mai kama wuta, kuma mai shagon bai faɗi hakan a tallarsa ba sai da kaya suka iso ka gani a takarda. Wanda ake buƙata shi ne aisofurofil mai kashi 99 cikin 100, wanda kuwa ake samu a kemis na unguwa yawanci an sirka shi da ruwa. Mai kemis ɗin layinmu cewa ya yi, "Malam ai sifirit duk sifirit ne, wannan ma har ciwo yake wankewa," na ce "Alhaji ba ciwo zan wanke ba, ruwan da ke cikinsa shi ne damuwar." Na karɓi ƙaramar kwalba da gangan don yara su ga bambanci, ai kuwa ruwan ya daskare a kan farantin ya yi fari fat, ko layi ɗaya ba a gani ba. Mai kyan sai wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaji, ko masu gyaran waya da kwamfuta, su suna wanke allon cikin waya da shi. A kula don Allah, guba ne kuma yana kama wuta nan take, ba a kunna ashana ko kyandir kusa da shi, ba a kuma barin yara su zuba da kansu.

Matsala ta biyu, kuma ita ce babba, zafi. Fale-falen nan na Peltier ba su san wani digiri takamaimai da za su kai ka ba, abin da suke yi kawai shi ne su samar da tazara tsakanin gefen zafi da gefen sanyi, to in ruwan da ke zagaya gefen zafin ruwan tanki ne da rana ta dafa a watan Afrilu, farantin zai yi sanyi har raɓa ta kama shi amma ba zai kai inda ake so ba, ka zauna kana ta zuba ido babu komai sai hazo yana zuba. Takardar bayanin cewa ta yi a zuba ruwan famfo, su a wajensu ruwan famfo mai sanyi ne, ba su yi lissafi da mu ba sam. Maganin da ya yi mana aiki shi ne kula babba, a cika ta da ƙanƙarar leda da ruwa kaɗan a jefa famfon a ciki, cikin minti goma sha wani abu layuka su fara fitowa. Amma ƙanƙarar tana narkewa da wuri don zafin da ake juye mata ba kaɗan ba ne, saboda haka duk darasi sai an sa kuɗin ƙanƙara a lissafi, kuma wannan kashe kuɗi ne da ba ya ƙarewa. Lokacin da ya fi yi masa daɗi shi ne sanyin safiyar hunturu, sai dai a lokacin ne kuma ƙura ke damunsa, dole a goge gilashin da farantin tas kafin a kifa, don ƙura in ta shiga tururin a kanta yake taruwa ya ɓata kallon.

Sai wuta. In an ɗauke ko na minti 2 ne farantin ya huce, an koma farko. Mu a kan inbata muke ɗora shi, kuma yana jan wuta fiye da yadda girmansa ya nuna, duk mai ƙaramin sola ya duba abin da aka rubuta a jikin adaftar tukuna.

To amma wallahi in ya kama aiki sai ka manta da duk wannan wahalar. A rufe tagogi a kashe fitilar ɗaki, yara su zagaye teburin su sunkuya idonsu ya yi daidai da farantin, da farko ba za ka ga komai ba sai ɗan yayyafin sifirit yana sauka a cikin hasken, sai kawai wani gajeren layi mai kauri ya tsaga, tsawonsa santimita 3 ko 4, fari sol, ya ɗan karkata ya baje. Wannan shi ne ke sa aji ya ɗauki ihu, amma shi ba daga sama yake ba, ƙwayar alfa ce daga iskar radon da ke fitowa daga ƙasa da duwatsu da bulon gini, tana nan cikin iskar ɗakin da ma. Sai wasu sirara masu karkace-karkace suna yawo, waɗannan ilektaron ne marasa ƙarfi da iska ke ta karkatarwa. Wanda ni nake jira shi ne na ukun, siriri ne ƙwarai har sai ka lura sosai, miƙaƙƙe sak daga wannan gefen farantin zuwa wancan, ba ya kauce wa komai, ya bayyana gaba ɗaya a lokaci guda. Wannan galibi muwon ne.

Wata ɗaliba da ta ga irinsa ta ɗago kai ta ce, "Malam wannan dogon daga ina ya shigo, ai gilashin a rufe yake?" Na ce daga sama. Ta kalli silin ta ce, "Daga rufin ɗakin?" Na ce a'a, ya ratsa kwanon da silin da gilashin, kuma yanzu haka ya shige ƙasa ƙarƙashin teburin yana ci gaba da tafiya. Kusan muwon 1 ne ke ratsa kowane murabba'in santimita a duk minti ɗaya a doron ƙasa, wato farantin nan kaɗai kusan 100 ke bi ta kansa a minti. Kar mai saye ya yi zaton zai ga 100 ɗin fa, mafi yawansu daga sama suke saukowa kusan a tsaye, shi kuwa wurin da tururin ke kamawa kaurinsa bai wuce santimita ɗaya ba, don haka ɗan ɗigo kawai suke bari, dogayen da ake gani su ne 'yan kaɗan da suka zo a kwance.

A nan ne nake da magana da masu shagon. Tallarsu na nuna wai za ka ga ƙwayoyin da suka taso daga taurarin da suka fashe, takardar bayanin kuma ba ta ce uffan a kan asalin abin ba, kuma wannan shi ne ainihin darasin. Muwon ɗin da ka gani bai zo daga wani tauraro ba, a samanmu aka haife shi, kamar kilomita 15 daga ƙasa, lokacin da wani furoton mai gudun bala'i ya daki atam ɗin iska ya tarwatsa shi, aka samu ƙwayoyin da ake kira fayon, su kuma suka rikiɗe zuwa muwon. Rayuwarsa gaba ɗaya kashi 2.2 ne cikin miliyan na daƙiƙa, wadda ko da gudun haske yake ba za ta kai shi mita 700 ba, amma yana isowa ƙasa saboda abin da Einstein ya nuna cewa agogon mai gudu kusa da gudun haske yana tafiya a hankali. Furoton ɗin da ya haife shi, shi ne baƙon gaske, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin kosmik, wato masu afko wa duniya daga sararin samaniya, furoton ne, kuma tambayar da ta fi daɗi ita ce wa ya ba shi wannan gudun.

Victor Hess ɗan Ostiriya ne ya fara tabbatar da cewa daga sama abin yake, ya hau balan-balan a 1912 har sama da mita 5,000 ya ga awon cajin da ke cikin iska yana ƙaruwa maimakon raguwa. A 1934 Walter Baade da Fritz Zwicky suka ce fashewar taurari ce tushensa, a 1949 kuma Enrico Fermi ya kawo dabarar cewa ƙwaya mai caji za ta iya ƙara ƙarfi in tana karo da gajimaren maganaɗisu masu motsi, sai dai hanyar tasa tana da nawa sosai don wani karon riba ne wani asara. Sai a 1977 da 1978 aka samu gyaran, kuma abin sha'awa mutane daban-daban ne suka iso wuri ɗaya kowa da hanyarsa, Krymskii a Tarayyar Sobiyet, Axford da Leer da Skadron, Tony Bell a Ingila, sai Blandford da Ostriker a Amurka. Duk suka ce a bar gajimare, a duba igiyar karo.

Ga yadda abin yake. In tauraro ya fashe tarkacensa na fita da gudun dubban kilomita a daƙiƙa, ya afka cikin siririyar iskar da ke tsakanin taurari, wadda filasma ce, wato iskar da atam ɗinta suka rabu, furoton daban ilektaron daban, kuma filin maganaɗisu ya ratsa ta ko'ina. Gudun tarkacen ya fi gudun da sauti ko wani motsi zai iya bi a cikin wannan iskar nesa ba kusa ba, don haka iskar da ke gaba ba ta samun labarin abin da ke tafe balle ta kauce, sai dai kawai a danne ta a wani siririn gaba guda, ta matsu har ninki 4 ta ɗauki zafi. Wannan gaban shi ne igiyar karo. Abin da ke ba ni mamaki har yanzu shi ne ƙwayoyin ba sa ma taɓa juna, don wurin kusan fanko ne, ƙwaya ɗaya tak a kowane kwibik santimita, filin maganaɗisun ne da igiyoyin da ke cikinsa ke yin aikin tsayarwar, alhali ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na wanda ke juya allurar kamfas a nan duniya ba.

Ƙwaya mai caji ba ta iya miƙewa a cikin filin maganaɗisu, nannaɗe shi take yi tana tafiya, kuma tunda filin a hargitse yake gaba da bayan igiyar sai ta riƙa juyawa, ta tsallaka gaba a juyo da ita, ta koma baya a sake juyo da ita. Sirrin shi ne ko daga wane ɓangare ka tsaya, ɗaya ɓangaren kana ganinsa yana tahowa gare ka ne, babu ranar da zai zama yana guje maka. Ka ɗauka yaro ya buga ƙwallon roba a lungu, bango a bayansa, a gaba kuma babbar mota na tahowa da baya, duk sanda ƙwallon ta daki motar za ta dawo da gudun da ya fi wanda ta je da shi, ta daki bango ta koma ta sake ƙarowa. Lissafin ma ɗan SS2 zai iya binsa, kuma ni shi nake yi musu a allo kafin mu kunna akwatin. A ce igiyar na gudun kilomita 3,000 a daƙiƙa, wato kashi 1 cikin 100 na gudun haske. Ƙwayar da ta riga ta kusa gudun haske, duk zuwa da dawowa ɗaya tana ƙara kusan kashi 1 cikin 100 a kan ƙarfinta, kuma a duk zagaye kusan 1 cikin 100 na ƙwayoyin iskar baya na tafiya da su ba sa dawowa. Bayan zagaye kamar 70 ƙarfi ya ninka, ƙwayoyin sun ragu zuwa rabi. Wani 70 ɗin ƙarfi ya ninka 4, saura kashi ɗaya cikin huɗu. Haka za a yi ta tafiya, duk ninkin ƙarfi rabin jama'a, kuma sakamakon bai damu da ko igiyar 3,000 take gudu ko 6,000 ba matuƙar mai ƙarfi ce, don ribar da asarar tare suke hawa. Abin da ake aunawa a nan duniya ya ɗan fi haka saurin raguwa, dalili kuwa masu ƙarfin sun fi saurin sulalewa daga galaksinmu a cikin miliyoyin shekarun da suke yawo.

Wannan yawon shi ne ya sa tallar shagon ta zarce gona da iri. Furoton da ya yi miliyoyin shekaru maganaɗisu na juya shi, in ya iso babu mai iya nuna inda ya fito, balle jikansa da ke cikin gilashi. Hujjar da masana suka samu ta haske ce, don shi haske a miƙe yake tafiya. A shekarar 1006, wato 396 bayan Hijira, wani sabon tauraro ya bayyana a kudancin sama, Ali bin Ridwan na Masar ya gan shi ya rubuta cewa girmansa ya ninka na Zara sau biyu da rabi zuwa uku, 'yan Sin da Japan ma sun rubuta. Ragowar wannan fashewar tana nan tana faɗaɗa, kuma a 1995 kumbon Japan mai suna ASCA ya hango hasken eksire daga bakin gefunanta, irin hasken da ilektaron ke fitarwa in yana nannaɗe maganaɗisu da ƙarfin kusan ilektaron-bolt tiriliyan 100 (ilektaron-bolt shi ne ma'aunin ƙarfin ƙwaya), daidai inda igiyar karon take. Na furoton ya fi wuya, sai a 2013 madubin hangen sama mai suna Fermi na hukumar NASA ta Amurka ya nuna alamar ruɓewar fayon a hasken gama daga ragowar fashewa guda 2, IC 443 da W44, wanda ba ya samuwa sai furoton masu gudu sun daki iska. Da ni ne ke rubuta takardar bayanin nan, shafi ɗaya kacal zai ɗauki wannan labarin, kuma da darajar kayan ta ninka a idon malami.

Kuma maganar ba ta rufe ba, shi ya sa nake son yara su ji ta. Ƙwayoyin galaksinmu na kaiwa har wajen ilektaron-bolt tiriliyan 3,000 kafin yawansu ya karye, alhali babban injin ƙara wa ƙwayoyi gudu mai suna LHC da ke Janeba mai zagayen kilomita 27 yana kai furoton tiriliyan 6.8 ne, wato sama ta ninka shi sau 400 da wani abu. Ko ragowar fashewar taurari kaɗai na iya kaiwa can, har yau ana muhawara, duk da Bell ya nuna a 2004 cewa ƙwayoyin da kansu suna ƙara wa filin maganaɗisun ƙarfi a gaban igiyar, wanda ke taimakawa wajen riƙe su. Akwai kuma igiyoyin karo a kusa da gida da ake zuwa a auna kai tsaye. Iskar rana, wato filasmar da rana ke fesowa, mai gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa tana karo da maganaɗisun duniya a wajen kilomita 90,000 daga nan, kumbuna 4 na NASA masu suna MMS da aka harba a 2015 suna ratsa wurin. Kumbon Voyager 1 kuma ya tsallaka igiyar da iskar rana ke birki a can ƙarshe a Disamban 2004, Voyager 2 a Agustan 2007, kuma ba su tarar da tushen wasu ƙwayoyin da aka yi tsammani a daidai wurin ba, dole aka koma gyara lissafi.

Wani abin da ya shafe mu kai tsaye, ƙasar Hausa tana dab da tsakiyar maganaɗisun duniya, inda layukan filin ke kwance, kuma a nan ne garkuwar ta fi ƙarfi. Furoton da ƙarfinsa bai haura ilektaron-bolt biliyan 10 ba maganaɗisun na karkatar da shi tun kafin ya taɓa iskarmu, don haka muwon ɗin da ke isowa Kano ko Damagaram sun ɗan gaza na Turai yawa. Ragin kaɗan ne ba zai hana ka gani ba, kuma yana da amfaninsa, tunda ƙwayoyin da rana ke watsowa da ƙyar suke kai wannan ƙarfin, kusan duk dogon layin da ka gani a nan kakansa daga wajen tsarin rana ya zo.

Abubuwan da akwatin ba ya yi su ma a san su. Ba ya ƙirge, ba ya auna ƙarfi, ido ne kawai ko kyamarar waya, kuma wayar ma sai an sa ta a gefe an kashe filashi sannan take kama siraran. Babu maganaɗisu a jikinsa, wanda a ganina babban rashi ne ga kayan da labarinsa gaba ɗaya na maganaɗisu ne. Mun ɗora ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi a gefen farantin, ilektaron marasa ƙarfi sun lanƙwasa a gabanmu kuma yara sun gane maganar nannaɗewar nan take, amma muwon ko gezau, don mai ƙarfin ilektaron-bolt biliyan 4 wanda shi ne matsakaici, ko a filin rabin tesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) da'irar da zai yi ta fi mita 50 faɗi, a cikin santimita 10 ba za ka ga karkata ba. Akwai wata waya a cikin murfin mai ɗauke da babban boltej da ke share tsofaffin caji don layuka su fito tsaf, tana aiki kuma ana ganin bambanci in an kunna, amma ba a rubuta gargaɗi a jikinta ba, a kashe kafin a ɗaga murfi. Wasu na sa tsinken walda na tungsten mai jan kai a ciki don yana da ɗan toriyom, wani sinadari mai fitar da ƙwayoyin alfa, layukan alfa su yi ta fita daga jikinsa, yana da kyan kallo amma kar a goge shi ko a karya shi, kuma ni na fi son a fara nuna wa yara akwatin babu komai a ciki don su yarda ba mu muka sa ba.

Ga makaranta ko kwaleji ko ƙungiyar malaman kimiyya da za su haɗa kuɗi su riƙa zagayawa da shi, ina ba da shawara a saya. Ga mutum ɗaya da ke so don sha'awa kuɗin ya yi yawa, ga kuɗin jirgi da na kwastan, kuma inda ana samun busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar kabon dayoksaid, cikin sauƙi da robar gilashi da faranti ma sun isa, rashinta a garuruwanmu ne ya sa mai lantarkin ya zama dole. Kafin ka biya ka tambayi mai shago abu uku a rubuce, shin sanyayawar da ruwa ce ko da fanka kawai, don mai fanka ba zai yi maka komai a bazara ba, shin adaftar tana karɓar bolt 220 zuwa 240, sannan mene ne lambar fale-falen Peltier ɗin da ke ciki. Na ƙarshen nan da muhimmanci, don su ne ke fara mutuwa in famfon ya tsaya ana cikin aiki ko ruwa ya ƙare, in kana da lambar ka sayo guda 2 na ajiya tare da man da ake shafawa tsakaninsu, duk mai gyaran kwamfuta da ya san hannunsa zai canza maka su.